Kafin ka sayi kwamfuta ta hannu, duba Windows ɗinta

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, manhajar da ya fitar a 2015. Kwamfutarka ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da aiki kamar kullum. Abin da ya tsaya shi ne gyaran tsaro da ake turowa kowane wata, don haka duk ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano daga baya, a buɗe za ta zauna.

Wannan ya fi shafar masu sayen kwamfuta ta hannu, don da yawa daga cikin waɗanda ake jibgewa a kasuwanninmu ba za su ɗauki Windows 11, wadda ta gaji Windows 10, ba. Tana buƙatar guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da RAM aƙalla 4GB, da ma'ajiya 64GB, sannan idan injin Intel ne, galibi sai ƙarni na 8 zuwa sama. Kada ka tsaya ga "wallahi tana ɗauka" ta mai shago. Sa a buɗe manhajar PC Health Check a gabanka, ita za ta faɗi gaskiya. Wasu kan ɗora Windows 11 ta bayan fage a kan tsohon inji, Microsoft kuwa bai yi alkawarin tura wa irin waɗannan gyara ba.

Wanda ya riga ya mallaki tsohuwa, akwai shirin ESU da ke tsawaita gyaran tsaro zuwa 13 ga Oktoba, 2026. In rubutu da shiga intanet ne kawai aikinka, a ganina manhajar Linux Mint ta wadatar a madadin Windows, kuma kyauta ce. Amma kwashe fayilolinka zuwa wata ma'ajiya kafin a taɓa komai.