Zuwa ga Matasanmu na Manawashi, a Kan Ɗan'uwanku da Ya Bugu a Ka

Ya ku 'ya'yana, samari da 'yan mata,



Ba sai na kama suna ba, kowannenku ya san wanda babur ya kayar, kansa ya bugi kwalta. Ranar da aka garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Tarayya kun yi abin kirki: kun cika harabar, kun yi karo-karo na kuɗin hoton kai, wasu sun ba da jini. Amma da aka kwance ɗinki aka sallamo shi, sai ƙafa ta ɗauke. Kuka ce ai ya warke, ga shi yana tafiya garau. A nan ne kuwa jinyar ta soma.

Ƙwaƙwalwa taushi gare ta. In kai ya bugu da ƙarfi, sai ta girgiza ta bugi ƙashi daga ciki, kuma sashen da ke bayan goshi, wanda ke danne fushi da tsara abin da mutum zai yi, shi ya fi shan wahala. Shi ya sa yaron da kuka sani da haƙuri yake ɗaga murya a kan abin da bai kai ya kawo ba, a aike shi sayen gishiri ya dawo hannu rabbana, hirar minti goma ta gajiyar da shi. Ganga da jita da lasifikar sujadar Lahadi, waɗanda da shi ke gaba wajen kaɗa su, yanzu sara masa kai suke. Sai ya koma kujerar baya, daga nan bakin ƙofa, daga nan ɗaki. Bayansa kuma ana raɗa: jifa ne, asiri ne, ko akwai zunubin da bai furta ba. Wannan magana ta ƙarshe ita ta fi ƙona mini rai. A Yohanna sura 9 almajirai sun kawo irinta a kan makaho, Yesu bai karɓa ba.

Kai kuma ɗana, mai ciwon, in an karanta maka wannan a hankali, saurara. Na san dare ya fi rana tsawo a wurinka. Kana tsoron farfaɗiya ta kayar da kai a gaban mutane, kana tsoron ba za ka koma makaranta ko shago ba, kana tsoron yarinyar da ta daina kiran waya. Ka soma addu'a, kafin ka kai tsakiya zaren ya tsinke. Ayoyin da ka haddace a makarantar Lahadi sun bi iska, har ka fara zaton bangaskiyarka ta tafi tare da su. Ba ta tafi ba. Ceto bai rataya a kan ƙarfin haddarka ba. Ishaya 49 ya nuna ko uwa ta manta da jaririnta, Allah ba ya mantawa da nasa, Romawa 8 kuma ta ce Ruhu yana roƙo dominmu sa'ad da kalma ta gagare mu. Ka tuna annabi Iliya, da tsoro ya kora jeji har ya roƙi mutuwa. Ba wa'azi aka fara yi masa ba. Barci ya yi, aka tashe shi ya ci ya sha, ya sake kwanciya. Saboda haka barcin ranar da kake jin kunyarsa ba lalaci ba ne, magani ne.

Ba zan yi maka alkawarin za ka koma yadda kake a da ba. Likitoci sun ce an fi ganin sauƙi a watanni shida na farko, amma ƙwaƙwalwa kan ci gaba da gyara hanyoyinta har shekaru. Wani ya dawo kusan daidai, wani da saura. Begenmu shi ne Almasihu, wanda ya tashi daga matattu da tabon raunukansa, yana tare da kai yadda kake yau ɗin nan. In kuka ya zo, buɗe Zabura 88. Mai ita bai ƙare da murna ba, amma ba a cire ta daga Littafi Mai Tsarki ba.

Ku kuma abokansa, zumunci a ƙafa yake. Abokan Ayuba sun yi daidai a kwana bakwai da suka zauna shiru, da suka buɗe baki ne suka ɓata. Ku je ɗaya ko biyu, kada ku tafi ƙungiya guda. Ku kashe rediyo, ku yi tambaya ɗaya, ku jira amsa ko ta jima. Kada ku riƙa gwada shi da "ka gane ni?" Faɗi sunanka kawai ka zauna. Ku saya masa ɗan littafi da biro ya riƙa rubuta lokacin magani da ranar komawa asibiti. Mai yi masa tayin giya ko ƙwaya ba abokinsa ba ne.

Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne, kada wani ya sa a zubar da magani da sunan bangaskiya. In farfaɗiya ta kayar da shi yana shure-shure, ku kawar da abin da zai ji masa rauni, ku juya shi ta gefe, kada ku cusa masa cokali a baki, kuma yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai, barcin da ake tashinsa da ƙyar, ko gefe ɗaya na jiki ya saki, ko da bayan makonni ne, a koma asibiti nan take, don jini kan taru a hankali cikin ƙoƙon kai. In ya ce ya gaji da rayuwa, kada ku rufa masa wannan asiri. Ku gaya wa iyayensa da Fasto da likita a ranar.

Saura hular kwano. Da aka tilasta sa ta a Janairun 2009, wasu 'yan acaɓa a Kano ƙwarya suka kifa a ka, aka yi ta dariya. Ku da kuka yi jinya kun ga abin da kwalta ke yi wa kai. Ku sa ta, ku ɗaure igiyar a haɓa, ko da daga nan zuwa Tashar Dukku ne.

Taku cikin Ubangiji,
Mamarku ta Zumuntar Mata