Haƙoran Roba Da A Ke Sawa Ran Da Aka Cire Na Ainihi

Mutane da yawa su kan yi shekaru suna fama da ruɓaɓɓun haƙora, ba don kome ba sai don gudun wawulo. Malamin makaranta ko ɗan kasuwa ba ya iya ɓuya a gida wata uku yana jiran dasashi ya warke. Saboda irin waɗannan ne likitocin haƙori su ke shirya haƙoran roba tun ba a cire na ainihi ba.

Idan duk haƙoran ne za su fita, likita ya kan fara cire na ciki, watau turame, ya bar na gaba har mako 6 ko 8. Sa'an nan ya kwaɓa wani gari da a ke samu daga ciyawar teku, ya danna shi a bakin mutum har ya ɗauki siffar haƙora da dasashi. A cikin wannan a ke zuba wani farin gari mai daskarewa, a sami kamannin bakin sosai. Likita ya gwada yadda muƙamuƙin sama da na ƙasa su ke haɗuwa, ya zaɓi launi da girma. Ma'aikacinsa kuwa ya bi haƙoran kamannin nan ɗaya ɗaya yana yankewa, yana dasa na roba a gurbinsu cikin kaki, daga baya a musanya kakin da roba mai tauri. Da ya ke na ainihi suna nan, ba dama a gwada sababbin na gaba a baki kafin ranar aiki, kuma wannan shi ne babban rauninsu.

Ran aiki a kan yi allurar kashe zafi, a cire sauran haƙoran, a sa na roba nan take. Lalle ne kada a fitar da su har awa 24, ko da barci, gama suna danne raunin suna tsai da jini. In an cire su dasashi ya kumbura, ba su komawa. Kashegari likita ya cire su da kansa, ya goge wurin da ya ke gurzar nama. Daga nan sai kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, da abinci mai laushi kamar kunu. Mai ciwon sukari, da wanda jininsa ba ya tsayawa da wuri, su faɗa wa likita tun da fari.

Abin da a ka fi mantawa shi ne, ƙashin da ya riƙe haƙori ya kan janye bayan an cire shi, musamman cikin wata 3 na farko. Haƙoran da su ka zauna daram sai su soma girgiɗi. Wannan ba kuskuren likita ba ne. A kan yi musu ciko mai laushi daga ciki, kuma bayan wata 6 zuwa shekara a yi ciko mai tauri, ko a ƙera sababbi. Ya kamata mutum ya sa kuɗin wannan aiki na biyu cikin lissafinsa tun kafin a cire haƙorin farko.