CIWON KUNNE MAI KOMOWA

Hunturu ya shigo. Iska tana kwaso ƙura, ta lulluɓe duwatsun Adar. A Kaita da Buza da Madawa yara da yawa suna fama da mura.

Auta ƴar aji uku ce a wani ƙauye na kwarin Tarka. Sau uku ke nan kunnenta yana ciwo a bana. Jiya ta kwana tana kuka, ga masassara. Da safe ciwon ya lafa, amma mugunya ta soma zuba. A aji malam ya kira ta har sau biyu, ba ta waiwaya ba.

Da maraice kakarta ta ɗauko gashin kaza da ɗan mai. Wan Auta ya ce: «Kaka, ki yi haƙuri, kada a sa mata. Malam ya ce a kai ta likita, don jinta ya ragu.» Kaka ta ce: «To, gaya wa babanku ya ɗaura amalanke gobe da sassafe.»

Daga ina ciwon yake?

Kunne kashi uku ne: na waje, na tsakiya da na ciki. Wata fata marar kauri ta raba na waje da na tsakiya, ita ce dodon kunne. Akwai ƴar hanya da ta haɗa kunnen tsakiya da bayan hanci. Idan mura ta kama yaro, hanyar ta kan toshe. Sai ƙwayoyin cuta su hayayyafa, mugunya ta taru, ta matsa wa dodon kunne. Wannan ne ke kawo zafi. In dodon ya huje, mugunya ta fito, zafi ya ragu. Amma cuta ba ta tafi ba.

Hanyar nan gajera ce ga ƙananan yara, shi ya sa ciwon ya fi komo musu. Hayaƙin itace, rashin cin abinci mai gina jiki da ƙyanda suna ƙara shi.

Me aka yi wa Auta?

Likita ya haska kunnen, ya ba da magani. Ya ce a ƙare shi duka, ko da ta ji sauƙi. Ya nuna wa uwarta yadda ake murɗa ƙyalle mai tsabta kamar lagwani, a tsane mugunya a hankali sau uku a rana. Ya hana Auta wanka a tabki har kunnen ya bushe. Bayan sati biyu ta koma aji, malam ya zaunar da ita kusa da allo.

Abin riƙewa

1. Ba a sa tsinke, ashana, gashin kaza, mai ko ruwan ganye a kunne.
2. Mugunyar da ta kai kwana 14 tana zuba ta zama tsohon ciwo. Tana iya kawo kurumta.
3. Kumburi a bayan kunne, sanƙarewar wuya ko jiri alamun haɗari ne. A tafi asibiti ran nan.
4. Nonon uwa zalla har wata 6 yana kare jariri.
5. Rigakafi ya fi magani. A 2006 gwamnatin Nijar ta yanke cewa a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. A 2014 aka soma allurar rigakafin ƙwayar da ke kawo ciwon huhu, wadda ta kan kama kunne ma.

Tambayoyi

1. Me ya sa zafi ya ragu sa'ad da mugunya ta fito?
2. Yaya mura take kai cuta ga kunne?
3. Don me wan Auta ya hana a sa gashin kaza?

Aiki

Kowane ɗalibi ya zana kunne a littafinsa, ya rubuta sunayen kashi uku da hausa da faransanci.