Shukar Ado da Dabbobin Gida

Wanda ya sayo Dieffenbachia daga Gusau zuwa Karakkai, shukar nan mai faffaɗan ganye da ɗigon fari, ya sani ruwan jikinta cike yake da ƙwayoyin kalsiyam masu tsini kamar allura. Kyanwa ko ɗan akuya ya tauna, baki ya kumbura, miyau ya yi ta dalala. Wani zai ce dabba ta san abin da take ci. Da damina, wataƙila. Da rani kuwa akuya ba ta zaɓen kore. Asalin shukar dazuzzukan Kudancin Amurka ne, inuwa take so, don haka ajiye ta a ɗakin da dabba ba ta shiga, kada ka shayar da ita sai ƙasar ta bushe. In dabba ta ci, wanke mata baki, ka nemi likitan dabbobi.