Daga Naso Zuwa Tsartuwa: Nazarin Kalmomin Gano Yoyon Man Hayidirolik da Gyaransa a Gwarzo da Kabo

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi kalmomin da Hausa ta tanada don bayyana yoyon man hayidirolik a jikin ƙaramar katafilar nan mai cebur da aka fi sani da Bobcat, da dangoginta da ke aiki a Gwarzo da Kabo. An bi matakan gano yoyon da gyaransa, ana auna kowane mataki da kalmar da ta dace da shi. Maƙalar ta nuna cewa sunayen kayan injin galibi na aro ne, amma aikatau da amsa-kama da ke bayyana halin da man yake ciki na asali ne, kuma jeruwarsu ta yi daidai da matakan lalacewa. Ta kuma fito da gurabe biyu da suka rasa suna, inda haɗarin ya fi yawa.

Fitilun Kalmomi: yoyo, hayidirolik, aron kalmomi, giredin aikatau, ƙirƙira

1.0 Gabatarwa

Gwarzo da Kabo ƙananan hukumomi ne a yammacin Jihar Kano, a kan hanyar da ta tashi daga birnin Kano ta bi ta Rimin Gado ta nufi Dayi. Noman damina, da noman rani a gefen madatsun ruwa irin su Guzu-Guzu da Magaga, da ɗibar yashi da aikin hanya, sun sa tarakta da tifa da gireda da katafila ba baƙi ba ne a yankin. Dukkansu suna ɗaga kaya ne da ƙarfin man da aka matsa. Idan man ya fara zuba, bakanike da yaransa da direba da Hausa suke tattauna matsalar, ko da yake littafin injin da Ingilishi aka rubuta shi. Wannan ne ya sa batun ya shafi masu nazarin harshe.

2.0 Injin da Yadda Yake Aiki

An ɗauki ƙaramar katafila mai cebur a matsayin abin misali domin tafiyarta da juyawarta da ɗagawarta duk sun dogara da man. 'Yan'uwa biyu, Cyril da Louis Keller, suka ƙera ta farko a 1957 a Minnesota ta Amurka, domin kwashe kashin talo-talo. Kamfanin Melroe ya fitar da mai ƙafa huɗu a 1960, sunan Bobcat kuma ya bayyana a 1962. Ƙafafunta ba sa karkata irin na mota. Na dama da na hagu kowanne da injin da ke juya shi, saboda haka tana juyawa ne ta hanyar gurzar ƙasa.

Tushen aikin shi ne ƙa'idar Blaise Pascal ta ƙarni na 17, wadda ta nuna cewa matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen wuri yana isa ko'ina daidai. Famfo yana zuƙo mai daga tanki, ya tura shi ta tiyo zuwa bawul, bawul ya raba shi zuwa silinda, sandar silinda ta miƙe ta ɗaga cebur. Matsin yakan kai kimanin ba 200, wato kusan ninki ɗari na iskar tayar ƙaramar mota.

3.0 Sunayen Aro da Aikatau na Asali

Famfo da tanki da bawul da silinda da noti da sifana da filta daga Ingilishi aka aro su, tiyo kuma daga Faransanci. Hausantarwar ta bi sananniyar hanya: sautin /p/ ya koma /f/ a famfo da tifa da katafila, /v/ ya koma /b/ a bawul, an kuma saƙala wasali tsakanin baƙaƙe a sifana da gireda. Katafila kuwa sunan kamfani ne da aka faɗaɗa ma'anarsa.

Wajen bayyana fitar mai, ba a buƙaci aro ba. Kalmomin da aka gada daga tulu da rufin soro da gumin jiki sun wadatar, kuma suna da daraja hawa-hawa:

i. Naso: wuri ya yi danshi ƙura ta manne, babu ɗigo. Alamar roba ta fara bushewa.
ii. Tsattsafowa: mai yana fitowa kamar gumi, galibi a bakin silinda ko inda aka matse kan tiyo.
iii. Ɗiga: yana sauka ɗis-ɗis, ana iya ƙirgawa.
iv. Tsiyaya: ɗigo ya haɗe ya zama zare, ƙarƙashin injin ya jiƙe sharkaf.
v. Tsartuwa: siririn mai yana fita da ƙarfi ta hujin da ido ba ya gani.

Yoyo ita ce uwar kalmar da ta tattara su. Haka nan tsarin giredin aikatau da F. W. Parsons ya gabatar a 1960 yana da amfani a gareji. A "ya zuba mai" giredi na ɗaya ne, a "mai yana zuba" na uku ne, karin sauti ya bambanta su. "Ya zube" (na huɗu) yana nuna ƙarewa ƙaf, "ya zubar da mai" (na biyar) yana ɗora aikin a kan injin, "ya zubo" (na shida) yana nuna man ya gangaro daga wani wuri. Wannan na ƙarshe shi ne ginshiƙin bincike, domin inda aka ga mai ba lallai nan ya fito ba.

4.0 Matakan Gano Yoyo

Da farko a ajiye injin a wuri mai baje, a sauke cebur ƙasa, ko a tokare hannuwansa da ƙarfen da aka tanada. A kashe injin, a motsa sandunan sarrafawa don sauke ragowar matsi, a bari ya huce. Na biyu, a wanke shi, domin injin da ya yi dumu-dumu da mai da ƙura ba ya nuna bakin yoyonsa. Na uku, a tayar da shi na ɗan lokaci, a bi sawun man daga ƙasa zuwa sama har a kai wuri mafi tudu da ya jiƙe. A lura cewa fanka tana watsa mai, farantin ƙarƙashi kuma yana tara shi.

Wuraren da aka fi zargi su ne tiyo a inda yake lanƙwasa ko gogar ƙarfe, da mahaɗai, da robar bakin silinda, da na'urar sanyaya mai. A wannan injin akwai ƙarin alama: idan man akwatin sarƙa yana ƙaruwa na tanki yana raguwa, robar injin juya ƙafa ce ta mutu. Man da ya yi fari kamar madara ruwa ya shige shi, mai kumfa kuwa iska yake sha ta ɓangaren zuƙa.

Raina ɗiga asara ce. Idan ɗigo ashirin ke yin mililita ɗaya, ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa zai haura lita 4 a yini da kwana, ya haura lita 1,500 a shekara. Da yayyafi kogi kan cika.

5.0 Gyara

Tiyon da ya fashe sauya shi ake yi da mai irin ƙarfinsa da tsawonsa, ko da sai an je Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Ɗaurin robar tsohon tub ba ya riƙe matsin ba 200. Mahaɗar da ke ɗiga a duba robarta kafin a ƙara ɗaure ta, domin tsananin ɗauri yana tsaga bakinta. Idan sandar silinda ta karce, sabuwar roba ba za ta daɗe ba sai an gyara sandar. Duk bakin da aka buɗe a toshe shi, musamman da hunturu, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ƙurar da ta shiga kuma ita ke cin famfo. Da bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40, a riƙa share na'urar sanyaya mai, domin man da ya wuce digiri 80 yana ƙona robobi.

A nan kalmar mai tana iya jawo ɓarna. Ta ƙunshi fetur da gas da baƙin mai da man giya da man birki. Yaron da aka aika sayen "mai" yana iya kawo man birki, wanda sinadarinsa ke lalata robobin da aka yi domin man hayidirolik. Wajibi ne a ambaci cikakken suna da lambar kaurin da kamfani ya ƙayyade, kamar 46 ko 68.

6.0 Gurabe Biyu da Suka Rasa Suna

Na farko shi ne yoyon da ba ya fitowa waje. Mai yana sulalewa ta gefen robar cikin silinda ko ta bawul, cebur yana sauka da kansa, injin yana zafi, amma tanki bai ragu ba. Maganganu irin su "ba shi da ƙarfi" ko "ya gaji" alama suke bayyanawa, ba sa nuna dalili, har a kai ga sayen famfon da ba a buƙata. Maƙalar ta ba da shawarar "yoyon ciki", kishiyar "yoyon waje".

Na biyu ya shafi rai. Man da ke tsartuwa yana huda fata ko da matsin bai wuce ba 7 ba. Raunin yana kama da sukar ƙaya, amma man yana bazuwa cikin tsoka, kuma idan ba a yi tiyata cikin 'yan sa'o'i ba ana iya rasa yatsa ko hannu. Don haka da kwali ake laluben huji, ba da hannu ba. Wanda abin ya sama a garzaya da shi asibiti, a gaya wa likita irin man, domin daga Gwarzo zuwa manyan asibitocin Kano, kamar Asibitin Ƙashi na Dala, akwai tafiyar kimanin kilomita 70. An ba da shawarar "allurar mai", domin kalmar allura tana sanar da mai sauraro cewa wani abu ya shiga jiki.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa Hausa ta aro sunayen kayan injin, amma da kalmominta na gado take tantance cutarsa. Ƙamusun Bargery na 1934 ya girmi wannan injin, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 kuma na gama-gari ne. Akwai buƙatar cibiyoyin nazarin harshe su haɗa kai da makanikai da kwalejojin fasaha wajen tattara keɓaɓɓun kalmomin wannan sana'a, a buga su cikin ɗan littafin da yaron gareji a Getso ko Garo zai iya karantawa.