Yadda Ake Tiyatar Sassauta Ƙafafun Yaro Ta Gadon Baya

Yaron da ya samu rauni a ƙwaƙwalwa tun yana ciki ko wajen haihuwa, musamman bakwaini, sau da yawa ƙafafunsa kan ƙage. In an tsayar da shi dugadugansa ba sa taɓa ƙasa, gwiwoyi na harɗewa kamar almakashi. Uwar da ke fama wajen sa masa wando kullum safiya ta fi kowa sanin wannan tauri.

Matsalar ba daga tsoka take ba. Saƙon da ke tashi daga ƙafa zuwa laka ne ya rasa linzami, don haka ake bin jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon a rage su. Dakta Warwick Peacock ya kyautata wannan aiki a Cape Town a farkon shekarun 1980.

Da farko sai an tantance, domin ba kowane yaro aikin ke wa amfani ba. A Ingila, tun 2018, asibitocin gwamnati na yi wa 'yan shekara 3 zuwa 9 da ke iya takawa, ko da dogarawa ne.

Ranar aiki ana sa yaron barci, a kifa shi. Likita ya tsaga ƙasan baya, ya buɗe ƙashi kaɗan, ya ware jijiyoyin ji daga na motsi. Na motsi ba a taɓa su. Nan ne haƙuri ke aiki: a ƙarƙashin madubin likita yake tsefe kowace jijiya zuwa 'yan siraran zare, ya taɓa kowane zare da ɗan lantarki, wani ma'aikaci na kallon yadda tsokokin ƙafa ke amsawa a na'ura. Zaren da ya sa ƙafa ta zabura fiye da kima, a yanke shi. Yawanci rabi zuwa kashi biyu cikin uku ake yankewa, ana kaffa-kaffa da masu kula da fitsari da bayan gida. Abin da aka yanke ba ya dawowa. Sai a ɗinke.

Abin da nake so iyaye su sani tun kafin su sa hannu shi ne, yaron zai tashi ƙafafu sakwa-sakwa, domin da taurin nan yake dogara wajen tsayuwa. Kada gabansu ya faɗi. Bayan 'yan kwanaki a kwance ake fara motsa gaɓɓai, zama, rarrafe, tsayuwa, sannan taku, sau da dama a mako, har shekara ɗaya zuwa biyu.