Darasin Awo: Yadda Ake Lissafin Garin Maganin Kaji

Jama'a 'yan kasuwa da dillalan kaji, darasinmu na wannan mako a kan garin maganin nan ne da ake jiƙa wa kaji a ruwan sha, watau antibayotik, irin su Oxytetracycline da Tylosin da Amoxicillin. Kullum tambayar da muke ji a bakin rumfa ita ce, cokali nawa za a zuba? Wani ya ce a zuba har ruwa ya yi rawaya, wani ya ce ɗan yatsa uku. To, mu da ba mu yarda a auna mana gero da ido ba, bai kamata mu auna magani da ido ba. In ya yi kaɗan, kaji ba su warke ba, kuɗin magani ya tafi. In ya yi yawa, ruwa ya yi ɗaci su ƙi sha, ko ya yi musu lahani. Duk biyun jari ne ke zubewa.

Abu uku ake nema kafin a buɗe fakiti: nauyin kaji, da ƙarfin gari, da ruwan da suke sha a yini.

Na farko, nauyi. A ɗauki kaza 3 ko 4 masu matsakaicin jiki a ɗora a sikeli. A ce kowace ta yi kilo 1 da rabi, kuma kaji 20 ne a akurki. Jimla kilo 30 ke nan. Sai a duba jikin fakiti, ko a tambayi likitan dabbobi, miligiram nawa ake ba kilo ɗaya a yini. Don misali kawai, a ce miligiram 20 ne. 30 sau 20 ya zama miligiram 600. Wannan shi ne abin da garken ke bukata kowace rana. Kowane magani da nasa adadi, kada a ɗauki 20 ɗin nan a ɗora wa kowanne.

Na biyu, ƙarfin gari. Ba duk garin da ke cikin fakiti ne magani ba, akwai abin da aka cuɗa shi da shi. Giram 1 miligiram 1,000 ne. In an rubuta 20%, to a cikin giram 1 akwai miligiram 200 na ainihin magani. Sai a raba 600 gida 200, a sami giram 3. In kuwa mai 5% ne, miligiram 50 ke cikin giram, sai an zuba giram 12. Mai 50% kuma giram 1.2 ya isa. Kun ga suna ɗaya, amma awo ya bambanta har ninki 10. A nan ma ɗan kasuwa ke gane araha ta gaskiya. Fakitin giram 100 mai 5% maganin giram 5 ne a ciki, mai 50% kuwa giram 50. Ko da kuɗin na biyun ya ninka na farkon sau 3, shi ne mai araha.

Na uku, ruwa. Babbar kaza takan sha wajen rubu'in lita a yini in gari da sanyi-sanyi, watau kaji 20 lita 5. A bazara abin yakan kusa ninkawa. Kada a yi zato, a gwada. A zuba lita 8 da safe, gobe war haka a auna abin da ya rage. In babu mudun lita, ledar fiya wata rabin lita ce, 2 lita ɗaya ke nan. Giram 3 ɗin nan shi za a narkar a ruwan yini guda, ko lita 5 suka sha ko lita 9. Maganin na bin nauyin kaza ne, ruwa abin kai shi ciki ne kawai. Wasu fakitoci kan ce giram kaza a lita kaza. An yi wannan lissafin ne a kan sha na yau da kullum, saboda haka in ana tsananin zafi a nemi shawarar likita.

Wanda ba shi da ƙaramin sikeli irin na masu zinariya, ga dabara. A sami cokalin shayi ɗaya a keɓe shi. A kwashe fakitin giram 100 da shi cikin busasshen kwano, kowane cokali a shafe bakinsa, ban da tozo, ana ƙirgawa. In ya ba da cokali 25, kowane cokali giram 4 ne, giram 3 kuwa kashi uku cikin huɗu na cokalin. In an canja magani a sake ƙirgawa, don wani gari ya fi wani nauyi.

Sai a lura da waɗannan:

1. A kulle kaji duk kwanakin magani. Kazar da ke yawo tana sha a kwata, ba za ta sha rabonta ba.

2. A jiƙa sabo kowace safiya, na jiya a zubar. A ajiye mazubi a inuwa.

3. A yi amfani da roba. Kwano mai tsatsa da ruwan zartsi suna rage ƙarfin Oxytetracycline.

4. A cika kwanakin da aka rubuta, galibi 3 zuwa 5. Wanda ya tsaya a rana ta biyu don ya ga sun miƙe, ya bar ƙwayoyin cuta masu taurin kai, gobe maganin ba zai ci su ba.

5. Kazar da ta kwanta ba ta sha, a ware ta a ba ta a baki a hankali.

6. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. A bar fasa kafson mutane ana zuba wa kaji.

Dillalai, wannan naku ne musamman. A jikin fakiti akwai kwanakin jira bayan an gama magani, kafin a yanka kaza ko a ci ƙwanta. Akwai ma magungunan da ba a ba kaza mai yin ƙwan sayarwa sam. Wanda ya tara kaji don kasuwar Salla ko Kirsimeti, ya ƙirga kwanakin magani da na jira kafin ranar fitarwa. Sayar da kaza da sauran magani a jikinta algus ne, ko da mai saye bai gani ba.

Kuma a sani, ba kowane ciwo wannan gari ke yi wa aiki ba. Ciwon Niyukasul, wanda ake kira fakat, mai share akurki a hunturu, bairas ke kawo shi, antibayotik ba ya taɓa shi komai yawan cokali. Abin da ke tare shi rigakafi ne, irin Lasota da I-2 da cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, ke yi. In kaji suna faɗuwa 5, 10 a dare ɗaya, wuya na murɗewa, kashi kore, a daina ɓarnar kuɗi a kan gari, a nemi likitan dabbobi, kuma kada a kai ragowar kasuwa.

Aikin gida: kaji 12, kowace kilo 1 da rabi, miligiram 20 a kilo, gari mai 10%. Giram nawa a yini? Wanda ya sami 3.6 ya iya awo. Sai mako mai zuwa.